Ƙanjamau da ƙwaƙwalwa: tambayoyin da ake yi mini a kan garkuwar jiki a cikin kai

Ina aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye a kudancin Jigawa, tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Ranar karɓar maganin cuta mai karya garkuwar jiki, mutanena sukan iso tun da duku-duku, wasu daga garuruwa masu nisa, saboda ba sa son karɓa a inda aka san su. Kafin layi ya zo kan mutum akan zauna a gindin darbejiya a yi ta tambaya. Na lura tambayar da ta fi tsorata su ita ce ta kai: mantuwa, ciwon kai, rikicewar tunani. Shi ya sa na tattara waɗanda aka fi maimaitawa, da amsar da nake bayarwa.

Likita, mene ne wannan antibodin da kuke cewa gwaji ya gani?

Duk mai karɓar magani ya san sojojin jiki, waɗanda muke ƙirgawa da sunan CD4. To, antibodi makami ne da jiki ke ƙerawa. Akwai wasu fararen ƙwayoyin jini, ƙwayoyin B, su ne maƙeran, kuma kowace kibiya da suka ƙera maƙiyi ɗaya aka auna mata. Wadda aka ƙera wa ƙyanda ba ta kama sanƙarau. Shi ya sa yaron da ya yi ƙyanda, ko aka yi masa rigakafinta, ba ya sake yi: kibansa na nan a ajiye. Nau'in da ke fara fitowa shi ne IgM, sannan IgG ya biyo baya ya zauna shekara da shekaru.

Gwajin da muke yi da ɗigon jinin yatsa, Determine da farko sannan Uni-Gold don tabbatarwa, ba ƙwayar HIV yake gani ba. Kibiyar da jiki ya ƙera mata yake gani, kamar yadda manomi ke ganin sawu a gona ya san dabba ta shiga da dare. Jiki yana buƙatar makonni kafin ya ƙera isasshe, wani lokaci har wata 3, don haka muke cewa wanda yake zargin kansa ya dawo a sake gwadawa. Jariri kuwa yana zuwa da antibodin mahaifiyarsa, kuma yana iya riƙe shi har wata 18 ko da bai kamu ba. Saboda haka nasa gwajin daban ne: a mako 6 ana ɗiga jininsa a kati a aika, a nemi ƙwayar ita kanta.

Ciwon jini ne aka ce. Me ya kai shi kai?

Allah Ya kewaye ƙwaƙwalwa da ganuwa. Ƙananan jijiyoyin jinin da ke cikinta a matse suke, ba sa barin komai ya tsallaka sai abin da aka buɗe wa ƙofa, kamar sukari da iskar shaƙa. Mafi yawan ƙwayoyin cuta a nan suke tsayawa.

HIV ba ta fasa ganuwa. Tana shiga cikin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda dama suna da izinin wucewa, ta bi su ciki kamar ƙwaro a cikin wake: a ƙofa an ga buhu lafiya lau. Kuma da wuri take yin haka. An same ta a ruwan ƙwaƙwalwa tun cikin makonni biyun farko na kamuwa, lokacin da gwajin yatsa ma bai fara nuna komai ba. Idan ta shiga, takan zauna a cikin ƙwayoyin da ke share ƙwaƙwalwa da gadinta, ana ce musu maikurogiliya, masu tsawon rai. Ƙwayoyin tunani su kansu ba ta shigarsu, domin ba su da ƙofar CD4 da take bi. Abin da ke yi musu lahani shi ne kumburi da gubar da ke fitowa daga maƙwabtansu da suka kamu, yau da gobe, kamar hayaƙin murhu da ke baƙanta ɗakin da ba a cikinsa ake girki ba.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. An gano ƙwayar a Cibiyar Pasteur da ke Faris a 1983. A 1985 likitoci a Amurka suka ciro ta daga ruwan ƙwaƙwalwar marasa lafiya, a 1986 kuma aka bayyana irin gigin da take jawowa idan ciwo ya yi nisa, shekarar da Nijeriya ta sanar da mutum na farko da aka samu da cutar.

To shi antibodin yana bin ta ciki?

Yana bi, amma kaɗan. Ganuwar da ke hana cuta ita ce dai ke hana makami. Idan muka ce IgG ɗin da ke cikin jini buhu goma ne na gero, wanda ke tsallakawa zuwa ruwan ƙwaƙwalwa bai wuce kwano ɗaya ba. IgM ya fi girma, don haka nasa ya fi haka ƙaranci.

Sai dai akwai hanya ta biyu, kuma ita ce abin mamakin. Maƙeran da kansu suna ƙaura su shiga bayan ganuwa, su kafa maƙera a rufin ƙwaƙwalwa da gefen jijiyoyin jini, su yi ta ƙera kibau a can. Tun a 1985 aka tabbatar da haka a masu wannan cuta, kuma ana samunsa a yawancin waɗanda ba su fara magani ba, har da waɗanda ba sa jin komai a kansu.

Ta yaya aka san na ciki ne aka ƙera, ba na jini ne ya yoyo ba? Akwai wani sinadari, albumin, wanda hanta kaɗai ke yi. Duk albumin da aka gani a ruwan ƙwaƙwalwa daga jini ya zo, don haka shi ne ma'aunin yoyon ganuwa. Sai a kwatanta shi da IgG a jini da a ruwa. Idan IgG ya yi yawa fiye da abin da yoyon zai iya kawowa, to akwai maƙera a ciki. Irin wannan gwaji sai manyan asibitoci, ba mu da shi a ƙauye.

Idan har jiki ya ƙera makami a jini da a kai, me ya sa ciwon bai mutu ba?

Wani dattijo, malamin allo, shi ya yi mini wannan tambaya, kuma ita ce tsakiyar maganar. Ya ce, "Ɗana, ka ce ƙyanda sau ɗaya take. Wannan me ya bambanta ta?"

Na ce, Allah gafarta Malam, abu uku ne. Na ɗaya, ƙwayar ƙyanda ba ta canja kamanninta ta inda kibiya ke kama ta. HIV kuwa duk lokacin da ta hayayyafa sai ta yi kuskuren kwafe kanta, kuma kuskuren nan shi ne ribarta. Kafin jiki ya gama ƙera kibiyar da ta dace da rigar da ta sa a watan jiya, ta riga ta sake riga. Kullum maƙeri yana baya.

Na biyu, ƙusoshin da ke bayanta, waɗanda take maƙale wa sojojin jiki da su, ta lulluɓe su da sukarin jikin mutum ɗin kansa. Garkuwar jiki ta duba ta ga kamar ɗan gida ne.

Na uku shi ne mafi nauyi. Tana rubuta kanta a cikin kundin halittar ƙwayar da ta shiga, ta kwanta shiru. Antibodi a waje yake aiki, a cikin ruwa, ba ya shiga cikin ƙwaya ya goge rubutu. Kuma sojojin CD4 da take kashewa su ne masu ba maƙeran umarni, don haka da tafiya ta yi nisa maƙerar takan rikice: a yi ta ƙera kibau barkatai, jini ya cika da antibodi, amma mafi yawansu ba su da saiti.

A ƙwaƙwalwa akwai ƙari. Ƙwayar da ta daɗe a bayan ganuwa takan bi nata tsatson, har ta bambanta da 'yan'uwanta na jini. Kibiyar da ke kama ta jini ba lalle ta kama ta kai ba. Malam ya yi shiru, ya ce, "Ashe ɓarawon a ɗaka ya tare." Haka ne.

Ke nan ba shi da wani amfani?

Yana da shi. Yana rage wa ƙwayar gudu, kuma yana yi wa ƙwayoyin da suka kamu alama don wasu sojojin su kashe su. Amma babban amfaninsa ga likita shi ne shaida. Maƙeri ba ya hura wuta sai yana jin motsin maƙiyi. Masu bincike sun ga cewa wanda ya daɗe da cutar kafin ya fara magani, ko bayan shekaru ƙwayar ta ɓace daga gwajin jini, antibodin da ke ruwan ƙwaƙwalwarsa ba ya sauka sai kaɗan. Wanda kuwa ya fara a watannin farko na kamuwa, nasa yakan faɗi sosai. Ana fassara wannan da cewa magani da wuri yana hana ƙwayar kafa babban rumbu a kai. Ba'amurken nan Timothy Ray Brown, wanda ya rabu da cutar bayan dashen ɓargo da aka yi masa a Balin a 2007 saboda sankarar jini, an ga antibodinsa yana ta raguwa da shekaru, don maƙeran ba su da abin yaƙa.

Wannan ne ya sa nake takura wa mutane kada su jira sai sun kwanta. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da cutar a Nijeriya, a arewa maso yamma kuma kashi 0.6. Ƙarancin nan alheri ne, amma yana sa mu sakaci. Ba a kawo ta a rai, sai mutum ya shekara biyar yana shan maganin shawara da taifot kafin wani ya ce a gwada.

Garkuwar jikin tana iya cutar da jijiya da kanta?

Tana iya. A makonnin farko na kamuwa, lokacin da maƙera ke ta aiki da zafi, wasu sukan yi zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, wasu baki ya karkace ido ɗaya ya ƙi rufuwa, abin da a gida ake cewa iska ta shafe shi. Akwai kuma wanda garkuwar kan auka wa rigar jijiyoyinsa bisa kuskure, ƙafafu su mutu daga ƙasa, abin ya yi ta hawa sama cikin kwanaki. Ana kiransa ciwon Guillain-Barré. Wannan na gaggawa ne, domin idan ya kai ƙirji numfashi yakan gagara. Ba duk karkacewar baki ce ƙanjamau ba, mafi yawa ma ba ita ba ce. Amma saurayi ko budurwa da abin ya same su haka kawai, ina roƙon a yi gwajin, idan bai nuna ba a maimaita bayan wata 3.

Mijina ya canja. Yana mantuwa, ba ya son magana. 'Yan'uwa sun ce sammu ne.

Wata baiwar Allah ta kawo mini mijinta a bayan babur, an ɗaure shi da zani a jikin ƙanensa don kada ya faɗo. Manomi ne, yana kai albasa kasuwa. Ta ce tun damina ya fara rikita lissafin kuɗi, ya saka takalmi ya tsaya yana kallonsa, tafiyarsa ta koma kamar mai taka ƙaya. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an sayar da tunkiya biyu. Sai da ya fara farfaɗiya aka zo. A aljihun rigarsa na sami katin karɓar magani, rabonsa da zuwa wata 14. Ta ce, "Wallahi likita ban san yana da shi ba." Har yanzu ina jin muryarta.

Ba na hana kowa addu'a, ni ma ina yi. Abin da nake cewa shi ne a haɗa, kuma a fara da asibiti, domin abubuwan da ke kama kan mai wannan cuta suna da magani idan an zo da wuri. Ita HIV kanta tana kawo jinkirin tunani da na motsi a hankali, cikin watanni, kuma magani yakan dawo da da yawa daga abin da aka rasa. Mummunan gigin da ake gani a shekarun 1980 yanzu ya yi ƙaranci ga masu shan magani. Amma idan CD4 ya faɗi ƙasa da 200, baƙi ne ke shigowa: sanƙarau na funfuna da ake kira kiriftokokas, tarin fuka da ya hau kai, da toksofilasma, wadda ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba, mai yin ƙurji a ƙwaƙwalwa ta kawo farfaɗiya ko shanyewar ɓarin jiki.

A nan ma antibodi yana taimaka wa likita. Idan babu IgG na toksofilasma a jinin mutum, da wuya ita ce. Tunjere da ya hau kai ma da antibodi ake gane shi a ruwan baya, wato ruwan ƙwaƙwalwa da ake ɗiba ta baya. Kiriftokokas kuwa ɓawon funfunar ake nema kai tsaye a jini ko a ruwan baya, gwajin minti kaɗan. Ƙwayar Septrin da muke haɗa muku, wadda wasu ke ajiyewa suna cewa ta yi yawa, ita ce ke tare toksofilasma.

Ciwon kai da ya wuce kwana uku yana ƙaruwa, amai, gani biyu-biyu, sumbatu, barcin da ba a iya tashin mutum, farfaɗiya ta farko ga babba: kada a kwana. A nufi babban asibiti mafi kusa. Mu nan Birnin Kudu muke turawa, ko Rasheed Shekoni a Dutse, masu wuya kuma Asibitin Malam Aminu Kano.

Sun ce za su ɗebi ruwan bayansa. An ce wanda aka yi wa ba ya tashi.

Na san inda tsoron ya samo asali. Duk wanda ya ga annobar sanƙarau ta 1996 a ƙasar Kano yana tuna yaran da aka tsira wa allura a baya suka rasu. Amma sanƙarau ne ya kashe su, kuma har yau galibi sai ciwo ya ci ƙarfin mutum dangi ke yarda a yi, sai a ɗora wa allura laifi.

Ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka kusan mililita 150 ne, jiki kuma yana yin sabo kusan 500 kullum, cikin ledar fiya-wata guda ke nan. Abin da ake ɗiba don gwaji bai fi babban cokali ba, kafin la'asar an mayar da shi. Allurar tana shiga ƙasan baya ne, a ƙarƙashin inda laka ta ƙare. Likita yakan duba tukuna ko babu ƙurjin da ke danne ƙwaƙwalwa, idan akwai ba ya yi. Ga mai kiriftokokas kuwa ɗibar ruwan ita kanta magani ce: ruwa ne ya taru yake matse kai, idan aka rage sai ka ga wanda ke ihu ya buɗe ido ya nemi kunu.

Gwajina ya ce ƙwayar ba ta ganuwa a jini. Kaina ma ya tsira?

Ga mafi yawan mutane, i. TLD da muke bayarwa, haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir, idan ya kwantar da ƙwayar a jini yakan kwantar da ita a kai. Akwai 'yan kaɗan da jini ke nuna lafiya amma ƙwayar na motsi a ruwan ƙwaƙwalwa, galibi waɗanda CD4 ɗinsu ya taɓa faɗuwa ƙasa sosai ko suka yi ta yanke magani. Idan sabuwar mantuwa ko tangaɗi ya zo maka alhali takardarka tana kyau, ka faɗa, kada ka bari a sallame ka da cewa jini lafiya. Sau da yawa kuma dalilin wani ne daban: hawan jini, damuwa, rashin barci, ko ƙwayoyin ƙarfi da samari ke sha don noma.

Na fara magani sai ciwon kai ya ƙaru. In daina?

Kada ka daina da kanka, ka zo yau. Idan sojojin jiki suka farfaɗo, sukan tarar da baƙin da suka tare lokacin da gari ba kowa, su auka musu, kuma faɗan a cikin ƙoƙon kai yake, inda babu wurin kumburi. Shi ya sa wanda aka samu da sanƙarau na kiriftokokas akan fara yi masa maganinsa, a jinkirta na HIV mako 4 zuwa 6. Ba wulaƙanci ba ne, an gwada a Yuganda da Afirka ta Kudu an ga gaggawa tana ƙara mace-mace. Mafarkai masu firgitarwa da jiri da tsofaffin masu karɓa ke tunawa kuwa na efavirenz ne, maganin da. Na yanzu wasu yakan hana su barci, sai mu mayar da shansa da safe.

Tafin ƙafata yana zafi kamar na taka garwashi.

Jijiyoyin ƙafa ne. Cutar tana jawo shi, maganin tarin fuka isoniazid ma yana jawowa, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6. A duba sukari kuma. Kada a tsaga, kada a ƙona da ƙarfe.

Ba za a yi mana allurar antibodin a huta ba?

Ga sanƙarau an yi nasara. A 2024 Nijeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da rigakafin Men5CV, kuma Jigawa na cikin jihohin farko. Yana aiki ne domin antibodi yana kama ƙwayar tun tana maƙogwaro da jini, kafin ta ga ganuwa.

Ga HIV, an gano cewa wasu mutane ƙalilan, bayan shekaru, jikinsu yakan ƙera kibiya mai kama iri da yawa. An kwafi ɗaya mai suna VRC01 a 2010, aka gwada ta ta ƙarin ruwa a kan dubban mutane a Afirka da nahiyar Amurka. Sakamakon 2021 ya nuna ta tare irin ƙwayoyin da suka dace da ita kawai, sauran suka wuce. Ana ci gaba da gwada haɗin biyu da uku. Kuma irin wannan antibodi da ake zubawa a jini, wanda ke isa ruwan ƙwaƙwalwa kusan ɗaya ne cikin 1,000. Allurar lenacapavir ta wata shida da kuke ji a rediyo magani ce, ba antibodi ba.

Zan tafi cirani Legas bayan girbi. Ya zan yi?

Ka zo kafin ka tafi. Idan gwajinka yana kyau ana iya ba ka na wata 3, wani wurin har 6, da takardar da za ka nuna a can idan ya ƙare. Wanda ya ajiye magani, ƙwayar takan dawo jininsa cikin makonni kaɗan, ta kai ma ta farka. Idan kunyar abokan ɗaki kake ji, ka cire takardar jikin robar, amma ka bar ƙwayoyin a cikinta da ɗan ƙunshin da ke tsotse danshi, ka ajiye nesa da rana. Ka bar mini lambar wani da ka yarda da shi, ni ma ka tafi da tawa.